Ni na sa ya sayar da mai kulochi

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Shekararmu biyu da aure. Na tarar da maigidana da tsohuwar mota mai kulochi, shekara tara yana hawanta, ba ta taɓa kwana a gareji ba. Ni kuwa mayyar littattafan soyayya ce, kuma a cikinsu miji da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan na riƙe da na matarsa. Nawa kullum hannunsa na kan giya. Na yi ta naci har ya sayar da ita, yayana ya samo masa atomatik.

Wata bakwai giyar ta mutu, bakanike ya ce sai an sake ta ɗungurungum. Yanzu maigidan ya ce yayana ya cuce shi, ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Abin da bai sani ba, idan ya yi tafiya nakan ɗauki motar ina koyon tuƙi a layinmu. Kafin ta tsaya nake jefa ta ribas, tana wata irin ƙara, ina sharewa. Tsohuwar kuwa har yau tana wucewa ta ƙofarmu da sabon mai ita, in na ji kukanta sai na saki labule. Anti, atomatik ce ba ta da ƙarko, ko ni ce?

Mai Nadama

Ƙanwata, share hawayenki. Mai kulochi ta fi jure wahala, gaskiya ne. Kayan cikinta ba yawa, yawanci kulochin ke cinyewa a canza. Amma atomatik ma tana shekaru idan ana canza mata man giya a kan lokaci, ana kuma taka birki ta tsaya cak kafin a sa ribas. Wataƙila da ciwonta ta zo, wataƙila ke kika ƙarasa ta. Bakanike ne zai tantance, shi ma sai ya ji gaskiya.

Giya ana sake ta a kwana biyu. Abin da ya fi damuna shi ne yayanki, da ake fushi da shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Ki samu maigidan ya ci ya huta, ki faɗa masa komai, ba kwana-kwana. Zai yi faɗa, ki jure. Daga nan ku je wurin yayan tare, ke ki fara ba shi haƙuri.

Allah ya sanyaya zuciyar maigidan, ya daidaita tsakaninsu.