Na Yi Wa Yayana Ƙarya Kan Bindigar Babanmu, Ga Shi Abokina Ya Sayar Da Ita

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Shekarata biyar a Dubai, ina aiki a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Ras.

Babanmu maharbi ne. Yana da wata 'yar bindiga da wani Baturen gandun daji da ya yi wa aiki ya bar masa, da lasisinta da komai. Ba irin ta gargajiya ba ce. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashinta, ka tura shi ƙasa ka dawo da shi, harsashi ya shiga. Harsashin bai kai ƙaramin yatsana ba, har maharba suna tsokanar Baba wai ya zo daji da abin wasan yara. Amma da ita yake samun zabo a ka, naman bai lalace ba. A jikin kotar ya yanka layi uku da wuƙa, ɗaya a kan kowane ɗa da aka haifa masa.

Bayan rasuwarsa, wata rana muna cin abincin rana na nuna hotonta ga wani Bature da ke kula da tsaro a kamfaninmu, mutumin da ba shi da hira sai ta bindiga. Sai da ya ajiye cokali. Ya ce irin wannan mai ƙaramin harsashi kaɗan aka ƙera, an daɗe da dainawa, kuma idan har saitinta na nan daidai, masu tara irinsu za su biya abin da zai sayi mota. Abokina da muke ɗaki ɗaya a Satwa yana wurin. Zan kira shi Sale. Tare muka taso, ni na nemo masa bizar zuwa, gadona na ba shi wata biyu ina kwana a ƙasa. A jirgin ƙasa na metiro muna komawa ya ce, "Habibi, kar ka faɗa wa kowa a gida. Ka ce bindigar ta mutu, khalas, shi ke nan."

Kuma na bi shawararsa, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Lokacin rabon gado na kira yayanmu, wanda shi ne ya yi shekaru yana bin Baba daji, ni ina makaranta. Na ce, "Yaya, na tambayi masana, sun ce bindigar nan ta tsufa, ba ta da saiti, ba ta da wata daraja. A sa ta a kasona kawai, don tunawa." Sai ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ko musu bai yi ba. Ni da ban taɓa harbin ko kurciya ba, nake gaya wa maharbi wai bindiga ba ta da saiti! Wane irin rashin kunya ne wannan?

Da korona ta zo aka sallami Sale daga aiki, ya koma gida. Na ce ya karɓo ta wurin Yaya ya ajiye mini har in zo hutu in gyara takardu. Bayan wata uku ya kira ni yana salati, wai jami'an tsaro sun tare shi a hanya sun ƙwace, da ƙyar ya tsira. Wallahi har haƙuri na riƙa ba shi, ina cewa ni na jefa shi cikin haɗari. Na kasa gaya wa Yaya, na ce sai na je.

Makon jiya Baturen nan ya tare ni a bakin ofis yana murmushi, ya ce yana taya ni murna. Na ce ta me? Ya ce ai abokina ya nemi ya haɗa shi da mai saye, shi kuma ya haɗa shi da wani da ya sani a Abuja, mutumin ya saye ta, an gwada ta, harbi biyar duk wuri ɗaya. Ya nuna mini hoto a wayarsa. Ga ta a rataye a bangon wani falo. Ga layi ukun nan a kota. Na uku ni ne.

Na kira Sale. Da farko ya musa, da na tura masa hoton sai muryarsa ta sauya. Ya ce, "To ka kai ƙara mana. Ka je ka gaya wa Yayanka nawa aka saye ta, mu ga wanda zai fi jin kunya. Ai kai ka ce ba ta da daraja." Ya kashe waya. Mutumin da uwata take zuba wa tuwo a kwano ɗaya da ni! Ashe tun a metiron nan yake lissafinsa? Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Jiya kuma Yaya ya kira. Ya ce buɗin dajin bana maharban garinmu sun yanke cewa da bindigar Baba za a yi harbin farko, don girmama shi, in sa Sale ya mayar da ita kafin ranar. Na ce, "Yaya, ai ba ta da saiti." Sai ya yi dariya, ya ce, "Kai ƙanena, bindigar nan ba ta taɓa kuskure ba, da hannuna na harba ta ya fi a ƙirga. Na san kana can ƙasar mutane kana kewar Baba, kana son wani abu nasa, kunya ta hana ka roƙa. Shi ya sa na yi shiru na bar maka."

Saura kwana goma sha biyu. Idan na ce an ƙwace, na ƙara ƙarya kan ƙarya, kuma na rufa wa Sale asiri. Idan na faɗi gaskiya, Yaya zai san ba kewar Baba ba ce ta sa na nema, kuɗi na hango. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?