Mina Biyu

Yawuri, 3 ga Shawwal

Zuwa ga matar yayana, Anti Mujahida,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya su Haifa? Takarda na aiko ta hannun mai Umara don Inna ba ta barin saƙon murya ya wuce kunnenta, kin san ta.

Allah ya yi, Inna ta samu kujerar Hajji. Ba tsaraba take lissafi ba, buƙatarta ɗaya: ki kai ta daidai inda Yaya Sada ya cika a Mina. Shekara tara ke nan, duk wanda ya zo gidanmu sai ta gaya masa ɗanta a ƙasa mai tsarki ya yi aiki, a can kuma ya rasu. Ki shirya, tsohuwar ba ta jin bari.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Hussaina

Hindawiyya, Makka, 19 ga Shawwal

Hussaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarki ta hana ni cin abinci.

Akwai abin da na ɓoye muku. A bakin Larabawa, tashar jiragen ruwa ma mina ce, irin abin da kuke kira kwata a Yawuri. Yayanki bai taɓa aiki a Minar alhazai ba. A wata ƙaramar tasha ta masunta yake a Jidda, yana sauke kifi, sai Juma'a ya zo mana Makka. Ranar da ya fara ce wa Inna a waya ya samu aiki a mina, ta rangaɗa guɗa. Na ga bakinsa ya buɗe zai gyara, sai ya fasa.

Kin san tun da kogi ya ci Babanku Inna ta sa shi ya rantse ba shi ba ruwa. Ya'ani ya zai yi? Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, aikin da ya iya ke nan.

Santsi ya kwashe shi, ya faɗa tsakanin jirgi da bangon tasha. Da na kira ku na ce ya rasu a mina, na san abin da za ku ji, kuma na bar ku a haka. Ina jin kunyarki.

Taki, Mujahida

Yawuri, 6 ga Zulƙida

Anti Mujahida,

Bayan gaisuwa. Kwana uku na yi ina fushi da ke, na huɗu na koma kan Yaya, sai na rasa inda zan kai masa fushin.

Jiya na je kwata sayen kifi, na tsaya ina kallon masu sauke kaya. Ashe irin rayuwar da ya yi ke nan, mu muna nan muna zana shi cikin farin harami.

Ina roƙonki don Allah, kada ki gaya mata. Shekararta saba'in da huɗu, ga hawan jini. Mina ai tantuna ne birjik, ki nuna mata ko wanne. Abin da ta jingina da shi ke nan, idan aka janye ban san me zai riƙe ta ba.

Ki gaida yara.
Hussaina

Hindawiyya, 17 ga Zulhajji

Hussaina,

Sallama. Ki yafe min, ban cika miki ba.

Bayan alhazai sun watse na ɗauko Inna daga masaukinsu a Aziziyya, muka shiga Mina, ba kowa sai masu shara. Na riga na zaɓi wani tanti. Ta cire takalmi, ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, sai ta juyo ta ce, "Ɗiyata, nan ne?" Wallahi bakina ya ƙi furta ƙarya. Na gaya mata komai.

Ta zauna a ƙasa, ta daɗe. Na ji tsoro ƙwarai. Can ta ce, "Ruwan ya maido shi?"

Na ce ya maido shi, an yi masa wanka, an sallace shi, an rufe shi.

Ta ce, "Ubansa ko hularsa ba mu gani ba. Wanga ruwa ya san mutunci." Sannan ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ni ma na taya ta.

Ta ci abinci, ta sha maganinta. Ta Jidda jirginsu zai tashi, ta ce sai na kai ta bakin tashar tukuna. Jibi za mu.

Taki, Mujahida