Ya Yanke Bidiyon Darasina, Ya Raba Ni da Ajina

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin don girman Allah a rufe sunana, mutanenmu a Riyad kowa ya san kowa. Shawararku nake nema, kuma gara in gaya muku tun yanzu, da zuciya a tafashe nake wannan rubutun.

Ni malamin firamare ne a gida Najeriya kafin Allah ya kawo ni nan ƙarin karatu. Duk ranar Asabar muna tara 'ya'yan mutanenmu a wata istiraha da iyaye suke haya a unguwar Shifa, irin gidan hutun nan mai fili da babban falo, muna koya musu addini da Hausa. Ba makaranta ce mai rajista ba, iyaye ne suka haɗu suka yi kwamiti. Yaran haihuwar nan ne, Larabci a bakinsu kamar ruwa, Hausarsu kuwa sai dai a yi haƙuri. Da aka ba ni ajin manya na tarar hadda ce zalla a kansu, ka tambayi yaro farillan alwala ya zubo maka su tas, ka ce masa to me ya sa, sai ya kama kallon silin. Ana darasi wannan na hamma, wancan na latsa waya a cikin hannun jallabiya.

Sai na sauya salo. Na rushe zaman layi muka koma da'ira a kan kafet, na rage surutu na ƙara tambaya, in yaro ya ba da amsa sai in tambayi na kusa da shi ko ya yarda, in bai yarda ba ya faɗi dalili. Sannan na kawo abin da muke kira tarko. A farkon kowane darasi ina gaya musu a fili cewa yau zan faɗi magana ɗaya wadda ba daidai ba ce, da gangan, wanda ya kamo ta kuma sai ya kawo hujja, ba ihu kawai ba, kuma ba a tashi sai an gyara ta kowa ya ji. Wallahi jama'a da kun ga yaran nan. Waya ta koma aljihu da kanta, kowa ya kasa kunne yana jiran ya kama malam. Har 'yan ajin ƙanana suka fara zillewa suna leƙowa ta taga, wasu iyayen ma suka nemi a dawo da 'ya'yansu wajena.

Mai ajin ƙanana kuwa ɗan garinmu ne, bari in kira shi Sabi'u, ba sunansa ba ne. Direban wani gida ne a unguwar Utaiƙa, yana da ɗan karatunsa, kuma ni na kai shi gaban kwamiti na tsaya masa har aka ɗauke shi. Ya ci abinci a gidana ba sau ɗaya ba. Wata Asabar ya shigo ajina ya ce yana so ya ɗauki bidiyon darasin don shi ma ya koyi salon. Ni kuwa wawa, har ni na nuna masa inda zai tsaya haske ya fi kyau.

Ranar darasin sallar matafiyi muke, don iyalai da yawa suna shirin tafiya Umra a mota. Na yi sanarwar tarko kamar kullum, muka yi nisa, sai na ɗaure fuska na ce matafiyi zai mayar da azahar da la'asar da magariba da isha'i duk raka'a biyu biyu. Ban rufe baki ba wata yarinya, mu ce Rahama, ta miƙe tana cewa, "Ustaz, hada galat, wannan kuskure ne! Magariba ba a taɓa ta!" Na ce hujja. Ta ce babanta haka yake yi. Na ce Baba ya yi daidai, amma shi a ina ya samo? Suka kasu rukuni rukuni suna bincike suna musu, can wani yaro da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya ce, "Ustaz, in rabi ake yi, rabin uku ai ɗaya da rabi ne, kef, ta yaya mutum zai yi rabin raka'a?" Aji ya kwashe da dariya, wasu suka buɗo littafi suka karanto, muka gyara muka tashi. Na koma gida ranar ina jin daɗin da ban taɓa ji ba a aikin koyarwa.

Kafin wata Asabar ta zagayo bidiyo ya shiga guruf ɗin iyaye. Ba sanarwar tarko a ciki, ba Rahama, ba gyara, ni kaɗai ne da gemuna ina cewa magariba raka'a biyu ce. Sabi'u bai saka da hannunsa ba, wayo gare shi, ya tura wa wani uba ne wai amana, a kula da abin da ake koya wa yara, uban kuma ya watsa.

Kwamiti ya kira ni. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce a kawo cikakken bidiyon, Sabi'u ya rantse wai wayarsa ce ta cika, iya abin da ta ɗauka ke nan. Na ce to ai kana tsaye ka ji sanarwar da kunnenka, ya ce shi hankalinsa na kan waya bai lura ba. Na ce a kira yaran, aka ce yaro ba ya shaida a tsakanin manya, kuma dama so na suke yi. Shugaban kwamitin, wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, shi ya yanke magana. Ya ce ko da gangan ne ma bai yarda ba, addini ba wajen wasa ba ne, kuma dama yana jin haushina, don jikansa ya tambaye shi hujja a gaban baƙi. Ya ce, "Malam, mu haka aka karantar da mu, malam ya faɗa mu maimaita, kuma ba mu lalace ba. Halas, magana ta ƙare, ka huta." Aka haɗe azuzuwan biyu aka danƙa wa Sabi'u.

Da a nan abin ya tsaya wataƙila da na haɗiye. Bidiyon ya bar Riyad, ya je har garinmu, surukina ya kira matata yana tambaya ko karatun ne ya taɓa ni. Rannan a wani ƙaramin masallaci a Gubaira liman bai zo ba, aka turo ni gaba sallar magariba, sai wani daga sahu ya ce, "Ustaz, uku za mu yi ko biyu?" Aka yi ƙasa ƙasa da dariya. Na ja sallar, amma Allah ya gani ban san me na karanta ba. Ga kuma yaran. An mayar da su layi, ku maimaita ku maimaita har a tashi, uwar Rahama ta gaya wa matata cewa yarinyar ta tambayi me ya sa, Sabi'u ya sa ta tsaya tana kallon bango har aka tashi. Yanzu duk Asabar ciwon ciki take ƙirƙira.

Na je na same shi har Utaiƙa yana wanke motar uban gidansa. Na ce abu ɗaya nake so, ya shiga guruf ya faɗi gaskiya, layi biyu ma ya isa, ajin kuma ya riƙe na bar masa. Bai ko ajiye tsumman ba, ya ce in yi haƙuri abin ya riga ya wuce, tone tone ba ya da amfani. Na tsani mutumin nan jama'a, ba zan ɓoye muku ba.

To ga abin da ke hannuna. Iƙamar Sabi'u, wato takardar zamansa, direban gida aka rubuta a kai, kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa, bai san yana koyarwa ba, kuma duk wanda ke ƙasar nan ya san hukuncin yin aikin da ba na iƙamarka ba. Waya ɗaya zan buga in faɗi wuri da rana. Daga nan sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora, sai jirgi. Ina so ya sauka a garinmu da leda a hannu a wuni ana nuna shi kamar yadda ake nuna ni. Matata kullum kuka take tana cewa in ji tsoron Allah yana da iyali, na ce ni ɗin daga sama na faɗo?

Abin da ya riƙe min hannu ba tausayinsa ba ne, ko kaɗan. In hukuma ta shiga istirahar nan ba shi kaɗai za ta tambaya takarda ba, akwai iyayen da tasu ta ƙare suna ta fama, kuma a gaban yaran za a yi komai. Daga ranar karatun Asabar ya mutu, ba mai sake ba mu wuri, ajin da nake kuka a kansa ni zan rufe shi da hannuna. Na san duk wannan, na zauna na auna shi, kuma har yanzu ina so in buga wayar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Don Allah malamai da iyaye da ke cikin gidan nan, akwai wata hanyar da zan wanke sunana ba tare da na bi ta kan yaran nan ba? In kuma babu, in zuba ido ya ci bulus, ni kuma in ƙare zamana a Riyad a matsayin malamin da bai san magariba ba? Masu cewa a bar wa Allah na ji, na kuma gwada, ku gaya min yadda ake yi in mutum yana ganin azzalumin duk Juma'a a sahun gaba. Ku amsa min da wuri don Allah, yau Alhamis, jibi Asabar.