Santir Mai Ƙulli a Motar Mai Nasara

Zuwa ga Malam Lamine, mai wannan fili.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon ku agaje ni da shawara kafin in kai ƙara gaban mai gari. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, ba wanda ya riƙe mani alƙalami, domin bara na kammala karatun manya, har aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar manoman wake ta Urafane. Wanda na kayar a zaɓen kuwa yayan Mai Nasara ne, direban da ke kai mu Tasawa. Ku riƙe wannan.

Tun daga ranar, Mai Nasara ya fara ba ni kujerar gaba ta tsakiya, wai girmamawa. Kujerar tana da santir, irin ɗamarar nan da ke ratsa cinya kaɗai. Ni nakan ɗora shi sako-sako bisa tumbina, don kada gugar shaddata ta lalace. Shi kuwa kullum sai ya miƙo hannu ya sauke shi ƙasan cibiya, ya ja ya tamke, a gaban fasinjoji. A garinmu rago ake ɗaurewa haka. Na kuma lura da idona cewa santir ɗin ya taɓa tsinkewa an ƙulle shi, gefensa ya zare, yana warin akuya. Na tambayi kaina: in mota ta kife, kowa ya yi tsalle ya fita, wa za a bari a ɗaure? Sakatare. Ban ce yana nufina da sharri ba, amma ban wanke shi ba. Kakarmu ɗaya da shi, shi ya sa nake jinkiri.

Naku,
Mai Alƙalami

Malam Sakatare,

Barka da alƙalami. Kada ka je wurin mai gari. In mota ta kife ba mai samun zarafin tsalle. Jefar da mutum take yi, kuma waɗanda ta jefar sun fi mutuwa. Mai nufinka da sharri da ya bar maka santir bisa tumbi, domin in an yi karo nan yake nutsewa ya ji wa hanji rauni. Mazauninsa ƙashin ƙugu ne, a tamke, ba a murɗe ba. Sai dai Mai Nasara bai kyauta ba da yake gyara maka a gaban mutane. Ka ɗage rigar, ka ɗaura da kanka yadda ya dace, ba zai sake miƙo hannu ba.

Idonka kuma bai yi ƙarya ba. Santir mai ƙulli ya gama aiki. Ba a ɗinke shi, sauya shi ake yi. Warin kuwa, ina zaton dabbobi Mai Nasara yake ɗaurewa da shi ranar kasuwa. Sakaci ne, ba makirci ba, kuma dole ya bari. Ka same shi ku biyu, ka ce ya sa sabo, a riƙa wanke shi da ruwa da sabulu kawai, ya bushe a inuwa, a kakkaɓe yashin bakin ƙarfen da ake maƙala shi har a ji ya kama ƙas. Kafin nan ka koma kujera mai lafiyayyen santir. In ya ƙi sauyawa, ka bar motarsa, amma kada ka bar gaishe shi.

Allah ya tsare hanya, ya kai ku gida lafiya kai da shi.