Tagar da Ka Bari Rabi

Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma da kana da rai ma da ka katse ni tun a layi na biyu, don haka yau sai ka haƙura ka ji ni.

Mutanen gida lafiya. Inna tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa kasuwar Bab Makka ta nan Jidda ta yi wa masu yadi ciniki har su gaji ba. Yaya Usman zai aurar da babban ɗansa, ya ce ɗakin kayan aikinka na unguwar Mahjar za a gyara wa ango. Zarto, guduma, gizago, da roshan ɗin nan da ka bari rabi, wato tagar katako mai raga irin ta tsofaffin gidajen unguwar Balad, duk ya ce a kwashe kafin biki, halas, magana ta ƙare. A lokacin kuwa ina shirin tafiya.

Japan na je, Baba. Wurin aiki suka tura mu ƙaro ilimin injin mota. Ranar hutu tsohon injiniyan da ke koyar da mu, Mori, ya kai mu garin Ise, inda babban wurin bautarsu na addinin Shinto yake. Kada ka ɓata rai. Ban rusuna ba, ban tafa hannu yadda suke yi ba, gefe na tsaya ina kallo. Abin kunya ɗaya na yi. Kafin a shiga akwai inda ake wanke hannu da baki, ni kuwa da na ga ruwa sai na naɗe hannun riga na kama alwala. Na kai gwiwar hannu, ina shirin cire takalmi, Mori ya taɓa kafaɗata a hankali.

Ya ba ni labarin sarakunansu. Gida ɗaya ne, in ji su, sarki bayan sarki sun fi ɗari, kuma suna jan asalinsu zuwa abar bautarsu ta rana. Akwai zamunan da mayaƙa suka riƙe mulki, sarki na zaune da suna kawai. Bayan babban yaƙin duniya kuma sarkin lokacin ya fito ya ce shi mutum ne kamar kowa. Na ce a raina, wannan kam mun riga su sani. Amma sai na tuna ni ko sunan kakan kakanka da ya tako daga ƙasar Hausa ban sani ba.

Ginin ne ya tsaya mini a rai. Katako ne zalla, an sassaƙa wannan ya shiga cikin wancan. Na tambaya shekararsa nawa, sai Mori ya nuna mini wani fili a gefe, ba komai sai tsakuwa. Duk shekara ashirin suna gina sabo a filin, irinsa sak, su rushe tsohon, kuma sun fi shekara dubu a haka. Na ce wannan ai ɓarnar katako ce. Ya ce katako ba shi ne abin da suke tsoron rasawa ba. Wanda ya yi aikin yana saurayi, zagayowa ta gaba shi ne gwani, ta uku shi ke koyarwa. Da gini zai daɗe ba a taɓa shi ba, da masu iya shi sun mutu sun bar shi maraya.

A nan ka faɗo mini. Ka tuna yadda kake korata daga warsha, ɗakin aikin naka? Kana cewa roshan ta mutu, kowa ya koma alminiyom, katako ba ya sabunta wa mutum iƙama, takardar zama ƙasa, in je in koyi mota. Na bi maganarka, kuma ban yi asara ba. Amma ban taɓa gaya maka ya yi mini zafi ba. Na daɗe ina zaton ka duba hannuna ne ka ga ba zai iya ba. Haka ne, Baba? Ko tsoron yunwa kawai ka ji mini?

Da na dawo na je wurin Usta Bakur, abokin aikinka ɗan Sudan. Idonsa ya yi rauni, da yatsa yake gane aiki yanzu. Na ce ya koya mini in ƙarasa tagarka. Ya yi dariya har da tari, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa ga furfura. Sannan ya ce yalla, mu je, in kawo kayan. Na kwaso su zuwa gidana inda Usta ke zuwa koya mini, ango ya sha ɗakinsa.

Haɗin farko da na yi ya karkace, Usta ya shafa ya ce da kana nan da ka jefe ni da shi. Sai ya miƙo mini gizagonka. Ƙotar ta lotsa inda babban yatsanka ya yi shekara da shekaru yana dannawa. Na riƙe, nawa yatsan ya zauna a gurbin daidai, ba ragi ba ƙari.

Wannan ne karo na farko da na saɓa maka, kuma ba ni da niyyar dainawa. Ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Ɗanka da ka kora daga warsha,
Haruna, Jidda