Malaminmu Ya Tsufa, Taronmu Na Watsewa

Madam Suhair,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Na kai matsayin da in na ga Alhamis ta matso sai in ji ba na son ta zo.

Ni injiniyar ruwa ce a nan Iskandariyya ta ƙasar Masar, shekaruna arba'in da bakwai. Shekara goma sha ɗaya ke nan mu 'yan ajinmu na jami'a muke haɗuwa Alhamis ta farkon kowane wata a wani gidan gahawa na bakin teku. Ba shugaba, ba takarda. Bayan la'asar a haɗa tebura, wanda ke da wani aiki a hannu ya tashi ya yi bayani, sauran su rufe shi da tambayoyi. Wani ya zo da batirin da ya haɗa, wata ta nuna yadda waya ke gane cutar tumatir daga hoton ganye. Daga baya ƙannenmu da suka gama bayanmu suka shigo, har muka taɓa kai mutum arba'in. Ni ce mai tura saƙo, ni ce mai kama wuri, ban ma san ranar da aka ɗora mini ba.

Damuwata malaminmu ne, Dakta Rif'at. Ni na gayyato shi shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar matarsa. Yanzu shekarunsa tamanin da biyu. Yana zuwa cikin kwat ko da zafin Agusta ne, ya zauna a gaba, mai bayani bai yi minti biyar ba zai ɗaga sanda ya ce yana da ɗan gyara. Ɗan gyaran nan minti arba'in ne, kuma kullum a injin cire gishiri daga ruwan teku da ya ƙera yana matashi yake ƙarewa. Mun ji labarin har mun san inda zai tsaya ya yi tari. A watan Maris ya ce wa wata ƙanwarmu, Nermin, lissafinta shirme ne a gaban kowa, alhali shi ne ya rikice. Wata shida ta yi tana shiri. Ta tattara takardunta ta fita. Daga nan muka koma mu tara.

Medhat, ɗan ajinmu, ya ce mini, "Ke kika kawo shi, ke za ki sallame shi. Mu ba gidan tsofaffi muka buɗe ba." Maganar ta yi mini zafi.

Ga abin da na aikata. Watan jiya na kira Dakta na ce an ɗage taro, muka haɗu a wani wuri. Mutum ashirin da uku suka zo, har da Nermin. Rabon da in ji daɗin taro haka na manta. Washegari mai gidan gahawa ya kira ni ya ce Dakta ya zo. Ashe ya manta da kiran da na yi masa. Awa biyu ya zauna shi kaɗai yana tambaya ko cunkoson hanya ne ya riƙe mu. 'Yarsa ta taɓa faɗa mini cewa a wata guda ranar nan kaɗai yake aske gemunsa ba sai an roƙe shi ba.

Madam, mutumin nan lokacin da babana ya rasu ina aji uku a jami'a, na yanke shawarar barin karatu, shi ya hau benenmu hawa biyar da ƙafa ya zauna da mahaifiyata har ta yarda in koma. In na kore shi ban san yadda zan kalli kaina ba. In na bar shi taron ya mutu. Wani lokaci sai in ji gara ya mutun ma in huta. Na gaji.

Injiniyar da ta gaji, Iskandariyya

*

'Yar'uwata,

Medhat bai iya magana ba, amma yana da gaskiya a abu ɗaya: mutanen nan sun baro aiki da iyali ne don su ji sabon abu, kuma Nermin ba ta cancanci abin da aka yi mata ba. Ke ma kina da gaskiya. Wanda ya hau miki bene hawa biyar ba a barinsa zaune yana jiran mutanen da ba za su zo ba. Wannan ƙaryar kada ki sake ta.

Fara da 'yarsa. Mantuwa da kiran waya, rikicewa a lissafin da ya koyar shekara da shekaru, maimaita labari ɗaya, duk ki faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, ta kai shi likita. Mai yiwuwa ba taurin kai ke damunsa ba.

Sannan ki je gidansa da kanki, ki riƙo masa kayan zaƙi irin su basbusa, ki ce taro ya canja tsari: ba tambaya sai mai bayani ya gama, kuma minti goma sha biyar ɗin ƙarshe nasa ne, shi zai rufe. Tsoho ya fi karɓar matsayi a kan tsawatarwa. A zaunar da wani da yake jin nauyinsa kusa da shi. Agogo kuma ki ba Medhat ya riƙe, tunda bakinsa ba ya nauyi. Labarin injin nan ku ɗauke shi da murya sau ɗaya, da kyau, ku ajiye.

In an gwada wata uku abin bai gyaru ba, ku tsoffin ɗalibansa huɗu ko biyar ku ware masa wata rana a wurin da ya saba, babban taro ya ci gaba daban, da sanin 'yarsa.

Saura ke. Shekara goma sha ɗaya mutum ɗaya na ɗauke da taron mutum arba'in, dole ki gaji, da Dakta ko ba Dakta. Ki raba aikin ga mutum uku a wannan watan, ki faɗa musu ba roƙo kike yi ba. In ba wanda ya karɓa, to ba ke kika kashe taron ba.

Allah ya ba malaminku lafiya, ke kuma ya nuna miki ranar da za ki je a matsayin baƙuwa, ki sha shayinki da zafinsa.

Suhair