Harafin Cikin Battar Hoda

Velimir nawa, sanyin idona, gurasa mai zafi a ranar hunturu, inuwar da nake fakewa idan rana ta take a gona, kai da zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da ni ba,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi gonakin Banat faɗi, ko da yake a wannan makon ba ka cancanci ko rabinta ba. Kwana biyar ke nan ban ɗaga wayarka ba, kuma na san kana can kana sosa ƙeya, kana tambayar karenka laifin da ka yi. Ba zan faɗa maka ta waya ba, domin da na ji muryarka fushina yake narkewa kamar ƙanƙarar watan Maris, ni kuwa so nake ya iso maka da zafinsa. Shi ya sa na ɗauki biro. Nemi wuri ka zauna, kuma kada ka tsallake layi ko ɗaya.

Ka tuna ranar da muka samo battar nan? Oktoba ce, an gama girbin masara an yi huɗa, muna gonar Kawu Obrad, inda tsohon gidan nan ya taɓa tsayawa, wanda yanzu ba abin da ya rage sai bakin rijiya. Kai kana gaba da na'urarka ta gano ƙarfe, kana lilo da ita dama da hagu, ni ina bayanka da shebur, kamar kullum. Shekara uku ina bin ka da shebur ɗin nan, Velimir! Na tono maka ƙusoshi, da takalman doki, da maɓallan sojojin da ba wanda ya san sunansu, ban taɓa cewa na gaji ba. Persida kuwa, mai gyaran gashin nan ta Kikinda da ta liƙe muku tun bazara, kai da abokan tononka, tana can gefe da sabuwar na'urarta da farin takalminta, tana tafiya kamar ƙasar za ta cije ta.

Sai ka tsaya cak, ka ɗaga yatsa. Ka ce, "Tona nan, Radmila. Wannan kukan ba na ƙusa ba ne." Na tona har gwiwa. Na ajiye shebur na shiga da hannu, don kada in ji wa abin ciwo, farcena ya karye har jini. Sai ga ta a tafina, kewayayya, mai nauyi, tsatsa ta mai da ita kore. Ka tofa mata yawu ka murza da babban yatsa, ɗan zanen fure ya leƙo. Ka ce battar hoda ce, ta wata mace da ta daɗe da zama ƙasa. Na kai farce zan ɓamɓare murfin, ka riƙe mini hannu ka ce, "A'a, yarinyata, za ki karya ta. Sai ta sha mai tukuna, ita da kanta za ta saki." Ba ka saki hannun nawa da wuri ba. Ranar na koma gida da laka har cikin gashi, ina jin ba matar da ta kai ni sa'a daga nan har bakin kogin Tisa.

Mako shida tana kwance cikin kwanon mai a kicin ɗin mahaifiyarka. Wa yake zuwa kowace Asabar ya zubar da man da ya yi baƙi ya zuba sabo? Wa ya zauna da tsinken sakace yana bin bakin murfin yana cire tsatsa ƙwaya-ƙwaya, har idonsa ya yi ja? Persida ce? Ita da ko warin man ba ta iya jurewa?

Amma ranar Lahadi, ranar buɗewa, sai ga ta da azahar, ba wanda ya gayyace ta, ko kuwa kai ka gayyace ta, Allah ya sani. Turarenta ya riga ta shigowa. Wai ita ta san kayan kwalliya, dole ta gani. Ta ja kujera ta zauna dab da kai, har gashinta yana taɓa kafaɗarka, ni da na yi renon abin ina tsaye a bakin murhu ina leƙe. Ka sa bakin wuƙa a hankali, ka ɗan murɗa. Muka ji ƙas! Murfin ya ɗaga. Wayyo Velimir, har yanzu ina jin ƙanshin nan, ƙanshin tsohon fure da damshin ƙasa. Madubin ya yi baƙi, sai wani ɗan lungu da ya rage yana ƙyalli. Soson hodar yana nan a kwance, hodar ta dunƙule ta yi tauri, amma launinta na ruwan hoda bai gushe ba. A kan ɗan murfin ciki kuwa an zana harafi ɗaya tak, da lanƙwasa da ado: P.

Kafin kowa ya numfasa Persida ta buga ihu ta tafa hannu. "Tawa ce! Ka gani, Velya? Tun kafin a haife ni aka rubuta sunana aka binne mini!" Velya! Sunan da ni ma sai da muka shekara na fara kiran ka da shi. Kai kuma me ka yi, rabin raina? Dariya ka yi, har da buga tebur, ka ce, "To, ai ƙasa ta yi magana," ka ɗauki battar ka ɗora mata a tafi. Ta leƙa ɗan lungun madubin nan ta gyara gashinta. Mahaifiyarka ta dube ni, ta dire mini kofin kofi a gaba ta ce, "Sha, 'yata, kafin ya huce." Da Persida za ta tafi ta jefa battar cikin jakarta, wai za ta goge ta da kyau ta dawo da ita Asabar. Ka raka ta har bakin mota.

Ina kishi, Velimir. Na faɗa, ba na jin kunyar faɗa. Ina kishin dariyar da ka yi, ina kishin tafin da ka ɗora wa battar, ina kishin taku ashirin ɗin da ka yi zuwa motarta. Kishin nan yana cin cikina kamar yadda tsatsa ta ci tagullar, ba ƙara ba hayaniya, sai dai a wayi gari a ga rami. Me take da shi da ba ni da shi? Farin takalmi? Farce mai fenti? Ai da ba na tona maka ƙasa, da nawa ma sun yi tsawo. Daga Lahadi zuwa Talata ko abinci bai yi mini daɗi ba, na zauna ina cewa har matattu sun goyi bayanta, har ƙasar da na tona da hannuna ta kira sunanta ta bar nawa.

Ranar Laraba na buɗe kabad zan ɗauko ajvar, markaɗen tattasan nan da muka yi tare a watan Satumba, ni ina gasa tattasai ina ɓarewa, kai kana rubuta takarda kana mannawa a kwalabe. Sai na tsaya riƙe da ƙofar. Kwalba talatin da huɗu a jere, kowacce da sunana da rubutun hannunka, kuma kowacce ta fara da wannan harafin. Shi ɗin dai, sanda da ɗan cikinsa a sama. Mu da muke rubutu iri biyu, muna sauyawa ba mu ma lura ba, kamar yadda nake sauya hannu a kan shebur. A Latinitsa, rubutun waya da allon kantuna, harafin nan farkon Persida ne. A Cirilitsa kuwa, rubutun coci da na kakanninmu, wanda kai ba ka taɓa rubuta ko jerin cefane da waninsa ba, shi ne farkon Radmila.

Na zauna a ƙasan kicin na yi dariya har ta koma kuka. Ni kaina ban gane kaina ba! Persida ta riga ni buɗe baki, kishi ya rufe mini ido, na karanta sunana da bakinta. Wannan wautata ce, na ɗauka. Amma kai fa? Kai da ka rubuta harafin nan sau talatin da huɗu a yini guda? Kai da kake zana shi da yatsa a gilashin tarakta duk safiyar da raɓa ta sauka? Yaya aka yi ka dube shi ido da ido, ina tsaye taku biyu daga gare ka, ba ka gan ni a ciki ba? Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ya fi battar, ya fi rakiyar mota.

Jiya na ɗauki keke na tafi wurin Kawu Obrad, don in samo hujjar da zan rufe bakin kowa. Na tarar da shi yana ba aladunsa abinci. Na ce, "Kawu, matar da ta zauna a tsohon gidan nan, ya sunanta?" Ya ce, "Piroshka, 'yar Hangari, ba ta fita ko bakin rijiya sai ta shafa hoda." Farkon sunanta ɗaya da na Persida ke nan. Sai ya goge hannu a wando ya ce, "Bayan yaƙi kuma Ruzha ta zauna, 'yar ƙabilarmu ce mai rubutu da Cirilitsa, ita ma gwanar kwalliya. Ke dai faɗi wadda kike so, in rantse miki a kanta." Na ce masa ba wasa ya kawo ni ba. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, in saurayinki sai ya tambayi matattu kafin ya san sunan da zai karanta, ai kin shiga uku." Na hau kekena ban ko yi masa sallama ba.

Ka gani ke nan, ƙasa ba ta yi magana ba. Ƙarya ka yi wa ƙasar. Harafi ta miƙo kawai ta yi shiru, karatun naka ne.

Gobe Asabar. Persida za ta dawo da battar, in ta ga dama, kuma za ku taru a bakin rijiya da ƙarfe takwas. Zan zo, amma ba zan ɗauko shebur ba. Ba na roƙon ka ka ƙwace ta daga hannunta, ba na roƙon ka ka ci mata fuska, ko kusa. Ka karɓa, ka buɗe a gabanmu, ka karanta abin da ka gani da ƙarfi yadda kowa zai ji. In ka ce nata ne, zan juya kekena, kuma ba za ka ji bakina a kan maganar ba, ko da zan shekara ina haɗiye ta. In ka ce nawa ne, ya masoyina, ya ruwan farkon bazara a kan busasshiyar gona, to ta riƙe battar ma in tana so! Ni zan bi ka da shebur har bayana ya ranƙwafa, in tono maka kowace ƙusa da ke Banat, in zauna kusa da kai da haƙurin da na yi wa murfin nan, har ranar da za a rufe mu a ƙasa ɗaya.

Za ka lura layi ɗaya na rubuta shi da Cirilitsa, na biye da Latinitsa, tun daga sama har ƙasa. Da gangan na yi, don kada ka sami satar amsa. Fara gwaji tun yau a kan sa hannun nan.

Taka jiya, taka yau, taka har tsatsa ta cinye duk ƙarfen da ke cikin ƙasa, in dai ka iya karanta ni,

P